Ciki Ɗaya, Cuta Biyu: Ina Iyakar Abinci a Matsayin Magani?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a 'yan shekarun nan, ana jin ta a rediyo da wayoyin hannu da bakin masu tallan magani a tasha, wai abincinka shi ne maganinka. Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Amma ɗalibin kimiyya ba ya karɓar zance don daɗinsa, sai ya tambaya: wane abinci, a wace cuta, kuma ina iyakarsa? Na zaɓi in auna wannan magana a kan wasu cututtukan hanji guda biyu waɗanda wani lokaci sukan haɗu a jikin mutum ɗaya, domin a nan ne ake ganin iyakarta ƙarara. Ta farko ita ce cutar siliyak, wadda alkama ke lalata ƙaramin hanjin mai ita. Ta biyu likitoci na kiranta alsaretib kolaitis, mu kuwa a nan za mu kira ta gyambon babban hanji. Ra'ayina shi ne, a cuta ta farko abinci shi ne magani ɗungurungum, a ta biyu kuwa ɗan rakiya ne kawai. Wanda ya haɗa su biyun bai san wannan bambanci ba, to, ko dai ya watsar da maganin asibiti ya jefa ransa cikin haɗari, ko kuwa ya yi ta soke abinci ɗaya bayan ɗaya har yunwa ta riga cutar kayar da shi.

Bari mu ɗan koma darasin bayoloji. Abinci in ya bar tumbi sai ya shiga ƙaramin hanji, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita 6. Cikin wannan hanji ba sumul yake ba, a lulluɓe yake da miliyoyin 'yan tsiro ƙanana masu kama da gashin tawul, kuma ta jikinsu ne amfanin abinci ke tsotsuwa ya shiga jini. Wasu masana a birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin sun sake lissafin faɗin wannan shimfiɗa a 2014, suka samu ya kai kusan murabba'in mita 30, wato faɗin manyan ɗakuna biyu. Abin da ya rage sai ya gangara babban hanji, mai tsawon kimanin mita ɗaya da rabi. Aikinsa shi ne tsotse ruwa da gishiri: ruwan da ke shiga cikinsa a yini ya kai lita ɗaya da rabi, amma wanda ke fita da bayan gida bai cika wuce rabin kofi zuwa kofi ɗaya ba. A nan ne kuma ɗimbin ƙwayoyin bakteriya masu amfani suke zaune. Cutar siliyak a ƙaramin hanji take, musamman farkonsa. Gyambon babban hanji kuwa daga dubura yake farawa ya yi ta hawa sama ba tare da tsallake ba. Unguwarsu daban, kuma kamar yadda za mu gani, halinsu ma daban.

Kowace mace da ta taɓa murza taliya ko cuɗa gurasa ta san ƙullun alkama yana da danƙo wanda ƙullun gero ba shi da shi. Wannan danƙo wani furotin ne da ake kira gulutin. Malamin kimiyya na iya nuna wa ajinsa shi da kuɗi kaɗan: a kwaɓa fulawa da tauri, a bar ta ta huta, sa'an nan a yi ta wanke curin cikin ruwa har farin sitaci ya daina fita. Abin da zai rage a hannu mai kama da cingam, shi ne gulutin. Wani masani ɗan Italiya, Jacopo Beccari, ya yi wannan gwaji tun ƙarni na 18. Ana samun gulutin a alkama da sha'ir da wani hatsin Turai da ake kira rayi. Ga yawancin mutane abinci ne kamar kowane abinci. Amma ga wanda ya gaji wasu ƙwayoyin gado da ake kira DQ2 ko DQ8, kuma aka yi rashin sa'a, sai garkuwar jikinsa ta ɗauki gulutin a matsayin abokin gaba, ta buɗe yaƙi a bangon hanji. A wannan yaƙi ne 'yan tsiron nan ke guntulewa, tawul ya koma kamar tsohon ƙyalle. Sakamakon shi ne gudawa mai maiƙo da wari, kumburin ciki, rama, ƙarancin jini, da tsumburewa ga yara. Wasu ma ba sa gudawar, ƙarancin jinin da ya ƙi jin magani ne kaɗai alamarsu. Kada a ɗauka duk mai waɗannan ƙwayoyin gado zai kamu: a Turai kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da su, amma masu cutar ba su wuce kimanin ɗaya cikin ɗari ba.

Tarihin yadda aka gano mai laifin yana da darasi ga abin da muke tattaunawa. A 1888 Samuel Gee, wani likita a Landan, ya siffanta cutar dalla-dalla, ya kuma yi hasashen cewa in za a warkar da ita, to ta hanyar abinci ne, sai dai bai gano wane abinci ba. A 1924 wani likitan yara a Amurka, Sidney Haas, ya fito da tsarin ciyar da yaran ayaba mai yawa, kuma yara da dama suka murmure. Shekaru aka yi ana yabon ayaba. Ashe a cikin tsarin nasa ya hana burodi da biskit da dangoginsu, kuma wannan hanin ne ya yi aikin, ayaba kuwa ta zama hankaka mai da ɗan wani naka. Sai Willem Dicke, likitan yara a ƙasar Holan, wanda ya daɗe yana zargin alkama. A yunwar da aka yi a ƙasarsu a hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, burodi ya yi wuya, sai yaran da ke da cutar suka samu sauƙi alhali sauran jama'a na ramewa. Da burodi ya dawo, ciwonsu ya dawo. A 1950 ya gabatar da kundin digirinsa a kan haka, kuma daga nan aka san inda aka dosa.

Har yau babu ƙwayar magani ko allura da aka amince tana warkar da siliyak. Maganin shi ne barin gulutin baki ɗaya, har ƙarshen rayuwa. Kuma baki ɗaya ake nufi. Wani bincike da Carlo Catassi da abokan aikinsa suka buga a 2007 ya nuna cewa miligiram 50 na gulutin a kullum, tsawon wata uku, ya isa ya taɓa bangon hanjin mai cutar. Yankan burodi ɗaya yana ɗauke da kimanin giram 2, wato ninki 40 na wancan adadi. Ke nan ɗan ɓarɓashi ya isa. Shi ya sa hukumar Codex mai tsara ƙa'idojin abinci ta duniya ta kafa iyaka: ba a rubuta wa abinci cewa ba shi da gulutin sai in abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba. In aka kiyaye, 'yan tsiron hanji sukan sake tohowa, yara cikin watanni, manya kuwa wani lokaci sai an kai shekara biyu ko fiye.

Mai karatu na iya cewa ai wannan cutar Turawa ce. Haka likitoci ma suka daɗe suna zato. Amma a 1999 Catassi ɗin nan ya gwada jinin yara kusan 1,000 'yan ƙabilar Sahrawi a sansanonin gudun hijira na kudu maso yammacin Aljeriya, ya samu kashi 5.6 cikin ɗari suna da alamar cutar, adadin da ya ninka na Turai sau biyar. Mutane ne da abincinsu ya koma kusan fulawa zalla. An kuma daɗe ana samun cutar a asibitocin Sudan. Mu ma idan muka dubi kwanon ɗan sakandare na yau, burodi da safe, taliyar leda da rana, tuwon semo da dare, muka kwatanta da na kakansa, za mu ga alkama ta samu gindin zama irin wanda ba ta taɓa samu ba, duk da cewa alkaki da gurasa da finkaso tsofaffin abinci ne a Kano.

Yanzu sai gyambon babban hanji, wanda Samuel Wilks ya fara bambanta shi da atuni a Landan a 1859. Shi ma rikicin garkuwar jiki ne, amma a nan babu wani abinci guda da aka kama da laifi. Gado yana da hannu, ƙwayoyin bakteriyar hanji suna da hannu, yanayin rayuwa ma haka. Fatar cikin hanjin takan kumbura ta yi ja, ta yi gyambuna masu zubar da jini da majina. Mai cutar yakan ji bayan gida ya matse shi nan take, ya je sau da yawa dare da rana, wani lokaci jini kawai zai fito. Ta fi fara kama mutum tsakanin shekara 15 zuwa 30, wato daidai shekarun masu karanta wannan mujalla.

Abin da ya fi ruɗar mutane game da wannan cuta shi ne tashi take ta kwanta. Takan yi makonni tana wuta, sa'an nan ta lafa na watanni, wani lokaci ko da ba a yi mata kome ba. To, yaushe mutum ke neman sabuwar dabara? Lokacin da ciwon ya kai ƙololuwa. Daga ƙololuwa kuwa ina za a nufa in ba gangara ba? Saboda haka duk abin da ya fara a wannan mako, ko barin madara ne, ko shan wani jiƙo, ko zuma da safe, shi zai kwashe yabo in sauƙi ya zo. Sau da yawa ma a daidai wannan lokaci yana shan maganin da likita ya ba shi, sai a yi kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Labarin ayabar Haas ke nan yake maimaita kansa. Wannan ne dalilin da ya sa masana ba sa gamsuwa da shaidar mutum ɗaya, komai gaskiyarsa, sai an raba majinyata gida biyu an gwada.

An kuwa gwada. A shekarun 1980 likitoci a Ingila sun ɗauki masu gyambon da ya tsananta, duka ana ba su magani iri ɗaya, amma rukuni ɗaya aka hana su cin kome da baki ana ciyar da su ta jijiya, ɗayan rukunin suka ci gaba da cin abinci. Ba a ga wani bambancin kirki ba. Mai karatu ya tsaya ya yi tunani a kan wannan: in da wani abinci ne ke hura wutar, ai cire abinci gaba ɗaya da ya kashe ta. Bai kashe ba. Abin da ya sauya makomar masu wannan cuta magani ne. Nanna Svartz, wata likita a Suwidin, ta samar da salfasalazin wajen 1940. A 1955 Truelove da Witts na Okusfod suka nuna cewa kotizon ya rage mace-macen masu cutar daga kashi 24 cikin ɗari zuwa 7, kuma a yau a manyan asibitoci adadin ya sauko kusan ɗaya cikin ɗari. A 1977 aka gano sashen salfasalazin mai aikin, wanda ake sayarwa yanzu da sunan mesalazin, shi ne kuma ginshiƙin hana ciwon dawowa. Daga 2005 aka fara amfani da allurai na zamani irin su infilikzimab ga waɗanda ciwonsu ya gagara, ko da yake tsadarsu ta fi ƙarfin yawancin mutanenmu.

Wannan ba ya nufin abinci ba shi da tasiri sam. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2004, wanda ya bi majinyata 191 tsawon shekara guda, ya samu cewa masu yawan cin jan nama da naman da aka sarrafa da masu shan barasa sun fi saurin komawa ciwo. A Japan a 2006 an ba wasu majinyata giram 2 na sinadarin kurkum a kullum, kuma cikin wata shida ciwon bai dawo wa yawancinsu ba kamar yadda ya dawo wa waɗanda ba a ba su ba. Masu tallan kurkum suna son wannan labari, amma sukan manta su faɗi cewa dukan majinyatan suna shan salfasalazin ko mesalazin a lokacin. Ƙari aka yi a kan magani. A 2015 kuma an nuna cewa wasu sinadaran da kamfanoni ke zubawa a abincin leda don ya yi laushi ya daɗe suna ɓata majinar da ke kare hanjin ɓeraye. Duk waɗannan alamu ne masu amfani, kuma sun ishe ni in ce wa majinyaci ya rage tsire da kilishi da kayan gwangwani. Ba su isa in ce masa ya ajiye ƙwayoyinsa ba.

Haɗuwar cututtukan biyu ba tsautsayi ba ne kawai. A 2020 masana a Jami'ar McMaster ta Kanada sun tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama, suka samu cewa mai siliyak ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da cutar kumburin hanji, wato gyambon nan ko 'yar uwarsa cutar Crohn, kusan sau 10, mai kumburin hanji kuma ya fi su haɗarin siliyak kusan sau 4. Duk da haka waɗanda suka haɗa biyun tsiraru ne. Amma darasin likita a nan shi ne, mai siliyak da ya kiyaye abincinsa sosai kuma ya fara ganin jini a bayan gida, kada a tsaya ana tuhumarsa da satar cin burodi, a duba babban hanjinsa. Haka mai gyambo da ciwonsa ya lafa amma jininsa ya ƙi cikowa, a gwada shi siliyak.

A nan akwai gargaɗi biyu da nake so malamai su isar. Na farko, gwajin siliyak, ko na jini ne mai neman sinadarin garkuwa da ake kira tTG ko na tsinko ɗan naman hanji ta hanyar zura kyamara, ba ya nuna gaskiya sai mutum yana cin alkama. Wanda ya daina ci da kansa wata uku sa'an nan ya je gwaji, ya share sawun ɓarawon kafin masu bincike su iso. Wasu masu gyambo sukan ce ai da suka bar burodi kumburin ciki ya ragu, saboda haka lalle suna da siliyak. Ba lalle ba ne. Alkama, kamar albasa da tafarnuwa, tana da wani nau'in sukari mai suna furuktan wanda bakteriya ke ruɓarwa ya ba da iska, kuma wani gwaji da aka yi a Oslo ta ƙasar Nowe a 2018 ya nuna shi ne ke damun da yawa daga masu zargin gulutin. Raguwar iska daban, warkewar gyambo daban. Gargaɗi na biyu ya fi shafar ƙasarmu. A nan gudawar jini ta fi zama atuni na amiba ko na bakteriya, ko tsutsar da ake ɗauka a ruwan tafki, ko ma tarin fuka na hanji. Sai an duba bayan gida an kawar da waɗannan kafin a ce gyambo ne, domin ba wa mai amiba firednisolon na iya huda hanjinsa. A ɗaya gefen kuma, mutum nawa ne suka shekara suna zubar da jini ana ce musu basir ne, suna ta shan sassaƙe?

To, wanda aka tabbatar yana da biyun, me zai ci? A nan Bahaushe ya yi sa'a wadda Bature bai yi ba. Gero, dawa, maiwa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya, dankali, makani, wake, gyaɗa, babu gulutin a ko ɗaya. Bature sai ya sayi burodi na musamman mai tsada, wanda galibi sitaci ne zalla da sinadaran da muka ambata a sama. Mu kuwa tuwon shinkafa da na dawa, kunu, koko, fura, waina, dambu, faten acca, alale, duk namu ne. Acca ma yanzu ana fitar da ita Turai da Amurka ana sayar wa masu wannan cuta. Abin da zai bari a fili yake: burodi, gurasa, taliya da makaroni, fanke, cincin, alkaki, finkaso, biskit, kek, tuwon alkama da kununta, da kuskus na kanti. A kula da semo, mutane da yawa suna zaton masara ce, alhali tsakin alkama ce. Lemunan malt kuma a karanta jikin kwalba, domin da yawa da sha'ir ake yin su.

Wahalar tana wajen alkamar da ke ɓoye. Ɗanwaken asali garin wake ne da rogo da kuka da kanwa, amma yau mata da yawa fulawa suke zubawa, wasu ma ita ce mafi yawa. Wasu masu waina da masu kunun zaƙi sukan ƙara alkama. Wasu dunƙulen ɗanɗano na miya suna da garin alkama a ciki, kuma daga nan yakan shiga yajin tsire. Man da aka soya fanke a ciki in aka soya ƙosai, ya gurɓata. Babban tarkon kuwa injin niƙa ne na unguwa: maƙwabciya ta niƙa alkama, ke kin zuba dawarki a bayanta, an gudu ba a tsira ba. Gidan da ke da mai siliyak ya kamata su yi magana da mai injin a wanke shi, ko su zubar da garin farko da ya fito, ko mafi kyau su koma turmi ko su sayi ɗan ƙaramin inji na gida. Rariya da muciya da kwanon kwaɓi ma a ware masa nasa. Na san wannan zai yi wa wasu kama da tsirfa, amma a tuna da miligiram 50 ɗin nan.

Wannan shi ne haramcin dindindin, kuma a ganina shi kaɗai ne. Duk wani abin da za a hana saboda gyambo na ɗan lokaci ne. Sa'ad da ciwon ya tashi, hanji ɗanye ne, saboda haka likitoci kan ba da shawarar a sassauta masa: a rage ɗanyen ganye irin su kwaɗon zogale da rama da kabeji, da dusa, da ɓawon wake, da gyaɗa mai ɓawo, da barkono mai yawa, da maiƙo. A koma abinci mai laushi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini, kamar tuwon shinkafa da miyar kuɓewa ko kuka marar yaji, kunun da aka tace, dafaffen dankali, ayaba, kabewa, ƙwai, kifi da kaza. Wannan yana rage murɗa da yawan zagawa, amma ba ya rufe gyambo. A sha ruwan gishiri da sukari, wato cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Da ciwon ya lafa, a dawo da ganye da wake da 'ya'yan itace sannu a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Dalili kuwa, bakteriyar hanji suna sarrafa harzar waɗannan abinci su fitar da wani sinadari mai suna butiret, wanda shi ne babban abincin ƙwayoyin bangon babban hanji. Wanda ya hana kansa ganye har abada don tsoro, hanjin da yake lallashi ne yake sa wa yunwa.

Madara ma haka take. Sinadarin da ke narkar da sukarin madara a kan 'yan tsiron ƙaramin hanji yake, don haka in siliyak ta guntule su, madara takan sa gudawa. In suka toho, sau da yawa matsalar takan wuce. Kindirmo kuma, da yake bakteriya sun riga sun cinye wani sashe na sukarinsa, ya fi sauƙi a ciki. Soke nono har abada ga irin wannan majinyaci asara ce, domin ƙashinsa na fuskantar hari ta fuska biyu: siliyak tana hana shi tsotsar kalsiyam, firednisolon kuma in an daɗe ana sha yana zaizaye ƙashi.

Haka batun jini. Sinadarin ƙarfe a farkon ƙaramin hanji yake shiga jiki, daidai inda siliyak ta fi ɓarna. Gyambo kuma yana zubar da shi ta ƙasa. Ɗaya ta toshe ƙofar shiga, ɗaya ta buɗe ta fita. Salfasalazin shi ma yana rage tsotsar folik asid. Bugu da ƙari, a Nijeriya doka ta wajabta ƙara bitamin A da wasu sinadarai a fulawa tun 2002, kuma wanda ya bar fulawa ya rasa wannan ƙari. Idan a kan wannan duka wani mai ba da shawara ya zo ya ce a bar nama da ƙwai da nono da wake da mai, me ya rage? Yaro ɗan shekara 15 da ke tsakiyar girma ba zai ɗauki irin wannan horo ba. Hanta, kifi, wake, dafaffen zogale da alayyafo, tare da lemon zaƙi ko gwaiba da ke taimaka wa ƙarfe shiga jini, su ne abokansa, kuma sau da yawa sai an haɗa da ƙwayar ƙarin jini ko ma ta jijiya. Hanya mafi adalci ta gano abincin da ke damun mutum ita ce ɗan littafi: ya riƙa rubuta abin da ya ci da yadda ya kwana, kuma kada ya yanke wa abinci hukunci sai ya maimaita laifin sau biyu ko uku.

Akwai abubuwan da suka fi kowane abinci tayar da gyambo, kuma a kemis ake sayensu. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak suna iya tayar da shi. Maganin tsayar da gudawa irin su loferamaid kuwa, in aka sha shi a lokacin da ciwon ya tsananta, yana iya sa hanji ya saki ya kumbura har ya fashe. Zawo mai jini sau 6 ko fiye a yini, tare da zazzaɓi ko bugun zuciya da sauri ko jiri, maganar kwanciya asibiti ce a ranar, ba maganar canza kunu ba. Sa'an nan wanda gyambonsa ya mamaye sashe mai yawa na hanji har ya kai shekara 8, haɗarin sankarar hanji yana ƙaruwa gare shi, sai a riƙa duba cikinsa da kyamara lokaci-lokaci ko da yana jin garau. Kumburin da ke ci a ɓoye shi ke jawo wannan, kuma jin daɗin ciki ba ya tabbatar da ya mutu. Gwajin bayan gida da ake kira kalfurotektin ko kyamara ne ke faɗa.

Saura malaman makaranta, musamman ta kwana. Ɗalibi mai wannan lalura in ya ɗaga hannu yana neman fita, minti ɗaya ko biyu gare shi, kuma kunya ba za ta bar shi ya yi bayani a gaban aji ba. A ba shi izini na dindindin, a zaunar da shi kusa da ƙofa, a lura da shi a ɗakin jarrabawa. Ranar da karin kumallo burodi da shayi ne, ko abincin rana taliya ce, a ba shi koko ko dankali ko shinkafa, a tukunyar da ba a dafa taliya a ciki ba, a kuma bar iyayensa su riƙa kawo masa garin da aka niƙa a gida. Maganinsa na kullum kuwa a ajiye shi wajen malamin asibitin makaranta ko uwar ɗakin kwana, a tabbatar yana sha har a zangon da yake wasan ƙwallo lafiya lau, domin a irin wannan zango ne yara suka fi dainawa.